Maiƙon da ke kai saƙo a jiki: me ya sa abu ɗaya yake zama cuta a nan, magani a can?

Ɗalibar Famasi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya ɗaure mini kai a darasin magungunan ciwo, ina roƙon masana cikinmu su warware mini. An koya mana cewa asfirin da ibufurofen da dikulofenak duk hanyarsu ɗaya: suna hana jiki ƙera furostagilandin, wani sinadari da ake yi daga maiƙo, wanda ke kawo zogi da kumburi da zazzaɓi. Na yarda. Amma da muka ƙara gaba sai ga misofurostol, shi kansa furostagilandin ne da ɗan'adam ya ƙera, ana ba da shi don kare ciki daga olsa, ana kuma tsayar da zubar jini bayan haihuwa da shi. Sai ga maganin ɗigawa a ido na masu gilokoma, wato hawan ruwan ido, shi ma ɗan gidan ne. To wanne za mu kama? Abokin gaba ne ko aboki?

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Ku tsaya tukuna. Maiƙo kuma? Ni iya sanina kitse ko ya taru a tumbi ko ya toshe jijiya. Yaushe ya fara kawo zazzaɓi?

Malam Bayokem:
Baban Sadiq, wanda ka sani shi ne na ajiya. Akwai wani da ke bakin aiki dare da rana. Kowace ƙwayar halitta a jikinka a lulluɓe take da wata fata siririya ƙwarai, kuma da maiƙo aka gina wannan fatar. A cikinta akwai wani nau'i da ake kira arakidonik asid, yana nan a maƙale ba ya komai. Da zarar wuri ya ji rauni ko ƙwayar cuta ta shigo, sai wani enzayim, wato furotin mai sarrafa sinadarai a jiki, mai suna fosfolaifes A2 ya yanko shi daga fatar. Daga nan hanya ta rabu. In enzayim ɗin COX ne ya kama shi, furostagilandin da taromboksen za su fito. In kuwa 5-LOX ne, lukotirayin za a samu.

Ba a tara su a ajiye kamar yadda jiki ke tara insulin. Nan take ake yin su, su yi aiki a kan ƙwayoyin da ke kusa, nan take kuma a lalata su. Taromboksen A2, alal misali, rabinsa kan ɓace cikin kamar daƙiƙa 30. Shi ya sa aka daɗe ba a kama su ba. Tun shekarun 1930 Ulf von Euler na ƙasar Suwidin ya ga alamar furostagilandin, amma sai da Sune Bergström da ɗalibinsa Bengt Samuelsson suka shafe shekaru suna tacewa kafin a san siffarsa.

Yanzu ga tambayarki, ƙanwata. Shi maiƙon ɗan aike ne kawai, abin da zai faru ya danganta da gidan da ya ƙwanƙwasa da wanda ya buɗe masa. Wannan gidan shi ne makarɓi, wato furotin da ke zaune a fatar ƙwayar halitta yana jiran saƙo. Ki ɗauki furostagilandin E2 shi kaɗai. Makarɓansa huɗu ne, EP1 zuwa EP4. In ya zauna a kan EP1 ko EP3 a tsokar da ke jikin kayan ciki, tsokar kan tsuke. In a kan EP2 ko EP4 ne, sai ta saki. A ƙwaƙwalwa, EP3 na sashen da ke daidaita zafin jiki shi ke ɗaga zazzaɓi. A bakin jijiyar jin zafi, yana sa ta zama mai saurin tsargawa, har ɗan taɓi ya zama zogi. A tumbi kuwa yana sa a fitar da majinar da ke kare bango daga asid, yana kuma rage asid ɗin. A ƙoda yana buɗe hanyar jini. Ƙwayar ibufurofen ba ta san duk wannan ba. Ita dai ta rufe COX duk inda ta same shi, sai zogin gwiwa ya lafa, kariyar tumbi ma ta lafa tare da shi.

Ɗalibar Famasi:
Allah ya saka da alheri Malam. Ke nan misofurostol mayar wa tumbi abin da ibufurofen ya ƙwace masa yake yi.

Likitar Mata:
Haka ne, kuma da wannan manufar aka fara fitar da shi. Daga baya ne mu masu karɓar haihuwa muka ci moriyarsa, don mahaifa ma tana da waɗannan makarɓan, in an taɓa su sai ta tsuke. Tsukewar nan ita ke matse jijiyoyin da ke zubar da jini bayan mabiyiya ta fita. Ita ce kuma dalilin da ya sa mai ciki ba ta shan shi da sunan maganin olsa.

Mu a ɓangarenmu kullum muna ganin fuskokin nan biyu. Ciwon mara lokacin al'ada, yawancinsa furostagilandin F2-alfa ne ya yi yawa, mahaifa na murɗawa fiye da kima. Shi ya sa ibufurofen yake aiki sosai a kansa, musamman in an fara sha da wuri kafin abin ya taru.

Wanda ya fi burge ni shi ne na jarirai. Ɗan da ke ciki yana da wata 'yar jijiya da ke haɗa babbar jijiyar huhu da babbar jijiyar jiki, don jini ya kauce wa huhun da bai fara numfashi ba. Furostagilandin ne ke riƙe ta a buɗe. Bayan haihuwa sai ya ragu, ta rufe. In bakwaini ne kuma ta ƙi rufewa, ibufurofen ko indometasin ake ba shi ta rufe. In kuma an haifi yaro da wata irin matsalar zuciya da rayuwarsa ta rataya a kan wannan jijiyar, furostagilandin ake ɗura masa ta jijiya don ta zauna a buɗe har a yi masa tiyata. A ɗaki ɗaya, jariri wannan ana hana shi, wancan ana ƙara masa. Saboda jijiyar nan da kuma ƙodar jariri ne muke hana mata waɗannan magungunan a watannin ƙarshe na ciki.

Maman Ilham:
Dakta sannu da ƙoƙari. Ni tambayata a kan asfirin ce. Mahaifiyata an ɗora ta a kan ƙarami, mai miligiram 75, tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki. In hanyarsu ɗaya da ibufurofen, me ya sa ba a ce ta sha ibufurofen ɗin ba, tunda dama tana fama da gwiwa? Da an huta da tarin ƙwayoyi.

Malam Bayokem:
Allah ya ba Hajiya lafiya. Ƙofa ɗaya suke rufewa, amma ba iri ɗaya ba. Ibufurofen yana zama a bakin COX na 'yan sa'o'i, in ya fita daga jini enzayim ya ci gaba da aikinsa. Asfirin kuwa lalata shi yake yi, ba ya dawowa. Sauran ƙwayoyin jiki ba su damu ba, sai su ƙera sabo. Amma filetilet, wato 'yan ƙananan ƙwayoyin da ke fara daskarar da jini, ba su da cibiyar da ke ɗauke da umarnin ƙera sabon furotin. Duk filetilet ɗin da asfirin ya taɓa, ya rabu da yin taromboksen har ƙarshen rayuwarsa, kwana 7 zuwa 10. Taromboksen kuwa shi ke kiran sauran filetilet su taru su manne, yana kuma tsuke jijiya. Shi ya sa ɗan kaɗan a kullum ya isa.

Abin mamaki, tun 1899 kamfanin Bayer ya fara sayar da asfirin, amma sai 1971 John Vane a Landan ya nuna yadda yake aiki. Sama da shekara 70 duniya na haɗiyarsa a makance. Shi da Bergström da Samuelsson aka ba kyautar Nobel a 1982.

Ki kuma faɗa wa likitanta in tana shan ibufurofen don gwiwar. In ya riga asfirin shiga, yakan tare masa wurin zama, asfirin ya wuce bai yi aikinsa ba. Ga kuma haɗarin zubar jini a ciki in an haɗa su.

Ɗan Lab:
Malam, da girmamawa, duk wannan bayanin naka hujja ce a kan cewa tsofaffin magungunan nan aikin kan mai uwa da wabi suke yi. Ka rufe mashaya tun daga sama, mai laifi da marar laifi duk su rasa ruwa. Ilimi ya wuce nan. Yawancin makarɓan waɗannan maiƙon 'yan babban gidan nan ne na GPCR, furotin da ke ratsa fatar ƙwaya sau bakwai. Ɗan'adam yana da kusan 800 daga cikinsu, kuma kusan kashi ɗaya bisa uku na magungunan da ke kasuwa a kansu suke aiki. An ba Robert Lefkowitz da Brian Kobilka Nobel a 2012 saboda gano yadda suke. Yanzu ana iya ganin siffar makarɓi ƙwaya-ƙwaya, a ƙera abin da zai dace da shi shi kaɗai. Ni a ganina nan da wasu shekaru za a riƙa kallon ibufurofen kamar yadda muke kallon tsaga a yau.

Malam Bayokem:
Ɗan Lab, na ji irin wannan alƙawarin tun kafin ka shiga jami'a, ka ba ni dama in ba ka labari. A farkon shekarun 1990 aka gano COX iri biyu ne. Sai aka ce ai shi ke nan: COX-1 shi ne na gari, mai kare tumbi, COX-2 shi ne mugu, mai tashi lokacin kumburi. A rufe na biyu a bar na farko. Lissafin ya yi kyau a kan allo. Kamfanin Merck ya fito da Vioxx a 1999, miliyoyin mutane suka sha, kuma gaskiya olsa ta ragu.

Abin da aka raina shi ne bangon jijiyoyin jini yana yin wani furostagilandin mai suna furostasaikilin, kuma COX-2 na da babban hannu a yinsa. Shi kishiyar taromboksen ne, yana buɗe jijiya, yana hana filetilet mannewa. Su biyun suna jan igiya ne a kullum. Vioxx ya kwantar da furostasaikilin, ya bar taromboksen na filetilet yana cin karensa babu babbaka, don shi ta COX-1 ake yinsa. Garret FitzGerald na jami'ar Fensilbeniya ya yi ta jan hankali a kan wannan. A watan Satumba na 2004 aka janye maganin daga kasuwa saboda ƙaruwar toshewar jijiyar zuciya da shanyewar ɓarin jiki. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

To ka ga zaɓe shi ne ya jawo matsalar. Jiki bai raba sinadaransa gida biyu, na kirki da na banza, don ya sauƙaƙa mana jarrabawa ba.

Ɗan Lab:
Amma Malam ai Vioxx enzayim ya rufe, ba makarɓi ba. Misalin naka ma goyon bayana yake yi, don har yanzu daga sama aka tare. Ni maganar makarɓi nake. Bari in kawo biyu.

Na farko asma. Tun 1938 aka san akwai wani abu da ke tsuke hanyoyin numfashi a hankali kuma ya daɗe bai saki ba, ba a san ko mene ne ba sai da Samuelsson ya nuna lukotirayin ne a ƙarshen shekarun 1970. Montelukas, wanda aka amince da shi a 1998, bai taɓa enzayim ko ɗaya ba. Makarɓi ɗaya ya zauna a kai, CysLT1. Ba ya ƙona tumbi, ba ya taɓa ƙoda.

Na biyu ya fi daɗi. Akwai wani maiƙo da ake kira S1P. Yana da yawa a jini da ruwan kaluluwa, yana da ƙaranci a cikin kaluluwar kanta da sauran tsokar jiki. Fararen ƙwayoyin jini na garkuwa, limfosait, suna da makarɓinsa mai suna S1P1, kuma da shi suke shinshino hanyar fita daga kaluluwa, suna bin inda S1P ya fi yawa. Timothy Hla ne ya fara gano furotin ɗin a 1990, sai a 1998 aka tabbatar S1P yake karɓa. A Japan kuma masu bincike suka samo wani sinadari daga wani nau'in fumfuna da ke kama ƙwari, suka gyara shi ya zama fingolimod. In ya shiga jiki sai ya rikiɗe ya yi kama da S1P, ya danne makarɓin ba sassauci har ƙwayar ta gaji ta haɗiye makarɓin ta lalata shi. Limfosait ya rasa hancinsa, ya zauna a kaluluwa. Ba a kashe shi ba, an dai hana shi fita. A cutar MS, inda garkuwar jiki ke cin rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, wannan babban abu ne. A 2010 Amurka ta amince da shi, shi ne maganin haɗiya na farko mai rage tashin cutar, bayan an daɗe allura kawai ake yi. 'Yan uwansa sun biyo baya, har ozanimod ya samu izini a 2021 don gyambon babban hanji.

Ina kan mai uwa da wabi a nan?

Baban Sadiq:
Ni dai na ɗauko kujera. Malam, an ce ina amsarka.

Likitan Ciki:
Malam, bari in ɗan tare maka, tunda mu ne ke ganin masu shan magungunan.

Ɗan Lab, labarin fingolimod da ka bayar daidai ne, amma ka tsallake rabinsa. Ranar da mutum zai sha ƙwayar farko, ba a sallamarsa. Sa'a 6 ake zaunar da shi ana duba bugun zuciyarsa, don yakan ragu. Me ya sa? S1P1 ɗin nan da ke jikin limfosait yana nan a ƙwayoyin zuciya. Yana kuma nan a bangon jijiyoyin jini, shi ke taimaka musu su riƙe ruwa kada ya tsiyaye, shi ya sa wasu kan samu kumburi a tsakiyar ganin ido. Sannan tun farko don masu dashen ƙoda aka yi niyyarsa, a can bai kai labari ba.

Montelukas ma, a 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta sa a manna masa gargaɗi mafi ƙarfi da take da shi, saboda sauyin hali, munanan mafarkai, damuwa, har da tunanin kashe kai a wasu mutane. Kuma a asma bai kai maganin shaƙa na sitiroyid ƙarfi ba.

Amma babban misalin shi ne rimonaban. Wannan makarɓi ɗaya tak ya rufe, CB1, wanda tabar wiwi ke taɓawa. An lura masu shan wiwi suna jin yunwa, sai aka ce in an toshe makarɓin yunwa za ta ragu. Ta ragu kuwa, mutane suka rame. Turai ta amince da shi a 2006. A 2008 aka dakatar da shi saboda ciwon damuwa mai tsanani da tunanin kashe kai. Amurka dama ba ta taɓa amincewa da shi ba. Zaɓe ya kai zaɓe, amma makarɓin da ke kula da sha'awar abinci shi ne dai ke da hannu a kwanciyar hankali.

Baban Sadiq:
To fa. Wato jiki yana da makarɓin wiwi? Kada 'yan shaye-shaye su ji wannan, sai su ce halitta ce.

Admin:
Jama'a a kula, ilimi muke tattaunawa. Kada wani ya yanki rabin magana ya kai wani zaure.

Malam Bayokem:
Gara da ka faɗa, Baban Sadiq, don ana yawan juya wannan. Makarɓin ba don wiwi aka yi shi ba. Raphael Mechoulam a Isra'ila ya ware sinadarin wiwi mai bugarwa, THC, a 1964. An gano makarɓin CB1 a 1990, sai tambaya ta taso: me jiki ke yi da shi? A 1992 ɗakin binciken Mechoulam ya samo anandamaid a ƙwaƙwalwa, a 1995 aka samo 2-AG. Dukansu maiƙo ne, kuma daga dangin arakidonik asid ɗin da na fara da shi.

Aikinsu a ƙwaƙwalwa na birki ne. A al'ada saƙo daga jijiya ta farko yake tafiya zuwa ta biyu. In ta biyun ta ga abin ya yi yawa, sai ta ƙera 2-AG nan take, ya koma baya ya ce wa ta farkon ta sassauta. A mahaɗa ɗaya, na ɗan lokaci, sannan a lalata shi. THC kuwa yana mamaye duk makarɓan ƙwaƙwalwa lokaci guda, na sa'o'i. In an daɗe ana yi, ƙwayoyin sai su rage yawan makarɓan, kamar dai abin da Ɗan Lab ya bayyana a kan fingolimod, tsarin jiki na asali ya raunana. Hujja ce a kan mai sha, ba tasa ba.

Ɗan Lab:
Dakta, na ji, amma duba abin da aka yi da darasin. Fingolimod makarɓa huɗu yake taɓawa cikin biyar na S1P. Waɗanda suka biyo bayansa an rage su zuwa biyu ko ɗaya, kuma ana fara su da kaɗan-kaɗan don zuciya ta saba. Ana kuma ƙoƙarin ƙera masu toshe CB1 da ba sa iya tsallakawa cikin ƙwaƙwalwa. Ke nan maganin matsalar zaɓe shi ne ƙarin zaɓe: wane makarɓi, a wace gaɓa, na tsawon wane lokaci. Latanofuros, maganin ɗigawa a ido da ƙanwarmu ta ambata, ai shi ne shaida. Furostagilandin ne, amma ɗigo ɗaya a ido da dare, ya buɗe wa ruwan ido hanyar fita, bai je tumbi ba bai je mahaifa ba. Illarsa ma a wurin take tsayawa, gashin ido ya ƙara tsawo, launin ƙwayar ido ya ƙara duhu.

Likitan Ciki:
A kan wannan ba mu da saɓani. Inda na tsaya shi ne cewar da ka yi za a jefar da tsofaffin. Asfirin da kake wa kallon tsaga, zaɓensa ya fi na Vioxx kyau, kuma ba wanda ya tsara shi, sa'a ce ta filetilet marar cibiya. Sababbin kuma ba duka ke isowa ba. LPA ma maiƙo ne mai kai saƙo, yana da hannu a cutar da ke mayar da huhu tabo. An ƙera maganin da ke rufe enzayim ɗin da ke yinsa, ya kai babban gwaji na ƙarshe, a 2021 aka dakatar don amfaninsa bai rinjayi haɗarinsa ba. A Faransa a 2016, a gwajin farko na wani magani da ke hana lalata anandamaid, mutum ɗaya cikin masu sa kai ya rasu, wasu suka samu rauni a ƙwaƙwalwa.

Maman Ilham:
Dakta, tunda an ambaci asma, ƙanwata in ta sha asfirin sai numfashinta ya sarƙe. An ce mata alaji ne. Yana da alaƙa da wannan?

Likitan Ciki:
Sosai ma. Ki tuna Malam ya ce hanya biyu ce. In an rufe ta COX, a wasu masu asma sai lukotirayin ya yi ambaliya, don furostagilandin E2 da ke taka masa birki a huhu ya ragu. Sau da yawa irin waɗannan mutanen suna da tsiro a cikin hanci da toshewar hanci ta kullum. Abin da ya kamata ta sani shi ne ba asfirin kaɗai ba ne. Ibufurofen, dikulofenak, nafuroksen, duk za su iya tayar mata, ko da sunayensu ba su yi kama ba. Ta riƙa faɗa a duk inda za a rubuta mata magani.

Baban Sadiq:
To ni ga tawa. Kwalbar man kifi da nake gani ana talla, an rubuta omega-3 yana kashe kumburi. In duk wannan rigimar daga maiƙo take, ba sai mutum ya canza maiƙon ba ya huta?

Malam Bayokem:
Tunanin ba na banza ba ne, akwai ilimi a ƙarƙashinsa. Arakidonik asid ɗan gidan omega-6 ne. EPA da DHA na man kifi 'yan omega-3 ne, kuma suna iya shiga fatar ƙwaya su zauna a wurinsa. Enzayim ɗin nan dai su ke sarrafa su, amma abin da ke fitowa yawanci bai kai na arakidonik zafi ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Da can ana ɗauka kumburi yana lafawa ne don abin da ya hura shi ya ƙare. Charles Serhan, wanda ya gano lifoksin tare da Samuelsson a 1984, shi ya dage cewa lafawar ma aiki ce da jiki ke yi da gangan, da nata 'yan aiken. Daga baya a Harvard ya bayyana wasu da ake yi daga EPA da DHA, ya kira su rizolbin. Su ke cewa fararen ƙwayoyin jini su daina shigowa, su ke sa manyan ƙwayoyi masu share fage su haɗiye gawarwakin da suka rage, a fara gyara. In haka ne, wasu cututtukan kumburi masu daɗewa matsalarsu ba yawan tashi ba ce, rashin kashewa ne. Ni wannan ra'ayin ya kwanta mini, ko da yake masana na ta jayayya a kan ko adadin da ake samu a jikin mutum ya kai ya yi aikin da ake gani a ɓeraye.

Likitan Ciki:
Nan ne kuma kwalbar talla ke rabuwa da asibiti. A 2018 wani babban gwaji mai suna REDUCE-IT ya ba mutum sama da 8,000 masu haɗarin ciwon zuciya tsantsar EPA giram 4 a rana ko kuma maganin bogi, aka ga matsalolin zuciya sun ragu da kashi 25 cikin 100. Murna ta tashi. A 2020 sai wani gwajin, STRENGTH, da ya haɗa EPA da DHA a kan mutum kusan 13,000, aka tsayar da shi don ba a ga amfani ba. Har yau ana muhawara, wasu na cewa man da aka zuba a ƙwayar bogi ta gwajin farko ne ya cutar da waɗanda suka sha shi, har bambancin ya yi girma. Abin da gwaje-gwajen biyu suka haɗu a kai shi ne ƙaruwar rikicewar bugun zuciya. Ƙaramar kwalbar da ake saya ba tare da takardar likita ba kuwa, wani babban gwaji a kan masu lafiya da giram 1 a rana bai nuna ta rage manyan matsalolin zuciya gaba ɗaya ba.

Haka asfirin ɗin ma, kada wani ya karanta bayanin Malam ya fara sha don rigakafi. A 2018 gwajin ASPREE a kan tsofaffi masu lafiya kusan 19,000 a Ostireliya da Amurka ya nuna bai ƙara musu shekarun lafiya ba, zubar jini ne ya ƙaru. Irin mahaifiyar Maman Ilham da abin ya riga ya same ta, lissafinta daban. Yara masu zazzaɓin mura ko ƙarambau kuma ba a ba su shi sam, saboda wata cuta da ke kama hanta da ƙwaƙwalwa.

Ɗalibar Famasi:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Saura ɗaya. Malam ya ce furostagilandin yana buɗe hanyar jini a ƙoda. Me ya sa ke nan mutane da yawa ke shan ibufurofen ƙodarsu lafiya lau, wasu kuma kwana kaɗan ta tsaya?

Likitan Ciki:
Don mai lafiya da ya sha ruwa isasshe, ƙodarsa ba ta dogara da furostagilandin sosai ba. Sai jini ya ragu take neman sa: gudawa, amai, zufa mai yawa, ciwon zuciya, ciwon hanta, tsufa. A lokacin jiki na tsuke jijiyoyi ko'ina don kada ƙarfin jini ya faɗi, furostagilandin ne ke riƙe ƙofar shiga matatar ƙoda a buɗe. Ki cire shi a wannan halin, tacewa ta faɗi. Mafi haɗari shi ne mutum yana kan maganin da ke sa yawan fitsari, yana kan maganin hawan jini irin su lisinofuril ko losatan masu sassauta ƙofar fita, sannan a ɗora masa ibufurofen. In kin fara aiki, duk takardar da kika ga ukun nan tare, ki kira wanda ya rubuta kafin ki miƙa maganin.